Maraya Ba Shi da Ɓangare: Makarantar Zannah Mustapha a Maiduguri

A shekarar 2007 wani lauya a Maiduguri, Barista Zannah Mustapha, ya tara yara 36, marayu da 'ya'yan marasa galihu, ya buɗe musu makaranta kyauta. Ya raɗa mata suna Future Prowess Islamic Foundation. A lokacin garin lafiya lau yake. Kirarin da ke jikin lambar motocin jihar Borno, wai gidan zaman lafiya, bai zama abin takaici ba tukuna. Motocin banda na sauka daga Baga, fatake na tasowa daga Chadi da Kamaru da Nijar su yi sari a Kasuwar Monday, almajirai kuma na ta kwararowa daga ƙasar Hausa kamar yadda kakanninsu suka saba, don a wurinmu in an ce yaro ya tafi gabas, an san Borno ake nufi, an kuma san Alƙur'ani ya je nema. Marayun wancan lokaci irin na kowane gari ne: uba ya kwanta ciwo bai tashi ba, ko ya fita nema mota ta faɗi da shi.

Shekara biyu bayan haka, maraici ya sake kama a Borno.

A ƙarshen watan Yulin 2009 rikici ya ɓarke tsakanin mabiyan Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar Boko Haram, da jami'an tsaro. Daga Bauchi ya faro, ya taɓa Yobe da Wudil ta jihar Kano, amma a Maiduguri ya yi ƙamari. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe gawar mutum sama da 700. Aka rushe markaz ɗin ƙungiyar da ke unguwar Railway, shi kuma Yusuf aka kashe shi a hannun 'yan sanda ranar 30 ga wata. Hukuma ta ce an gama da su. Mazan da suka tsira suka ɓace, aka bar mata da ƙananan yara a gari, kowa na nuna su da baki.

Wanda bai san irin tsoron da ya lulluɓe garin ba zai yi saurin ganin baƙin dangin da suka juya wa matan nan baya. A lokacin, a gan ka kana shiga gidan matar ɗan ƙungiya ya isa ya jawo maka kwana a bariki, in ma an yi sa'a ka dawo. Wa ya guji matar ƙaninsa, maƙwabci ya hana 'ya'yansa wasa da nata. Yaron da bai iya ɗaura wando da kyau ba ya wayi gari da sunan da ba iyayensa suka raɗa masa ba: ɗan Boko Haram. Waɗannan yara ne Zannah ya buɗe wa ƙofa. Da yaƙin ya dawo da ƙarfinsa, aka shiga kashe 'yan sanda da sojoji da masu unguwanni da malamai, daga baya kuma 'yan ƙato da gora da suka tashi kare garinsu a 2013, sai ya karɓi 'ya'yan waɗannan su ma. Aji ɗaya, benci ɗaya, tufafi iri ɗaya. Ya kuma sa 'ya'yan cikinsa a makarantar.

Wannan mataki na ƙarshe, a ganina, shi ne ya fi kowace lambar yabo faɗar gaskiyar mutumin. Mun sha ganin attajiri ya gina makarantar talakawa, an yanka kirtani, an yi tafi, nasa 'ya'yan kuwa suna Abuja ko Dubai. Mai makarantar da ɗansa ke shan ruwan randar da maraya ke sha ba ya buƙatar sufeto ya zo ya gaya masa ruwan ya gurɓace.

Barewa da ɗanta

Kada a ɗauka abin ya zo wa kowa da daɗi. Akwai maganar da ke bakin mutane, kuma ba maganar mahaukata ba ce: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka sa kanka a matsayin matar ɗan sandan da aka harbe a ƙofar gidansa, a gaban 'ya'yansa. Ta fita takaba, ta bi layi an karɓi ɗanta, sai ta ji cewa yaron da ke zaune a gefensa ɗan waɗanda suka mayar da ita uwar marayu ne, kuma tuwon da ake zuba wa nata shi ake zuba wa wancan, babu ragi. In zuciyarta ta tashi, wa zai ga laifinta? Ga kuma dubban yaran da iyayensu ba su taɓa ɗaukar makami ba suna jiran gurbi a waje. Don me za a ba ɗan mai laifi kujera?

Amsar da tarihin Borno ya bayar ba ta tausayi kaɗai ba ce, har da lissafi. Yaron da aka kashe ubansa, gari ya ƙi shi, makaranta ta ƙi shi, ya tashi yana jin ana zagin uwarsa a bakin famfo, ina zai nufa in ya kai shekara goma sha biyar? Mutanen daji suna da wurin da suka tanadar masa, kuma su ba sa tambayar kuɗin fom. Duk wanda ya bi labarin yaƙin nan ya san da yawa daga masu riƙe da bindiga a cikinsa ba su kai shekarun aure ba lokacin da aka ɗauke su. Karin maganar barewa tana da gaskiyarta, amma ɗan barewa a daji yake koyon gudu, a bayan uwarsa. Tambayar ita ce a bayan wa yaron zai tashi.

Ban da haka, babu mazhabar da ta ce laifi gado ne. Lauyan da ya yi shekaru yana tsayawa gaban alƙalan shari'ar Musulunci ya fi kowa sanin abin da ake rabawa in mutum ya mutu. Ana raba gida da gona da shanu, ana biyan bashi, amma ba a taɓa kasafta zunubin mamaci a ba ɗansa namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya ba.

Shekarun da allo ya zama abin tsoro

Sai an tuna abin da ya sami makarantu a arewa maso gabas kafin a gane nauyin buɗe ƙofar aji a Maiduguri kowace safiya. Tun farkon 2012 aka fara cinna wa makarantun firamare na cikin garin wuta da dare. A Yulin 2013 aka kashe mutum 42 a makarantar sakandare ta Mamudo a jihar Yobe, yawancinsu ɗalibai. A Fabrairun 2014 aka hallaka yara maza 59 a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi, suna barci. A watan Maris na shekarar gwamnatin Borno ta rufe makarantunta na sakandare, sannan a daren 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga Chibok, waɗanda aka kira su dawo don rubuta jarrabawar fita. Makarantun gwamnati da dama a Maiduguri suka koma sansanin 'yan gudun hijira. Inda ake jera benci aka shimfiɗa tabarmi, aka rataya zannuwa a tagogi, aka hura wuta a filin ƙwallo, aka kwashe kusan shekara biyu a haka.

A 2017 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ba da ƙididdiga: malamai 2,295 aka kashe tun 2009, wasu 19,000 sun bar gidajensu, makarantu kusan 1,400 an lalata su, kuma fiye da rabin makarantun jihar Borno a rufe suke.

A tsakiyar wannan, makarantar Zannah ta ci gaba da karatu, na boko da na addini, wato har da ainihin abin da ƙungiyar ta ce ta haramta. Ba soja ke gadinta ba. Abin da ya tsare ta, bayan tsarewar Allah, shi ne kowane ɓangare yana da jininsa a ciki. Mai bindigar da ke daji ya san 'ya'yan abokinsa da aka kashe a can suke cin abinci. Jami'in tsaro ma ya san marayun abokan aikinsa na can. Ko mahaukaci in zai yi jifa a kasuwa, yakan tsaya in ya tuna uwarsa na ciki.

Abin da ake nufi da kyauta

Makarantar na ba yaro abu huɗu ba tare da an karɓi ko sisi ba: karatu, abinci, kayan makaranta, da magani in ya yi rashin lafiya. A rubuce abin kamar ba wani abin a zo a gani ba ne. Sai ka zauna da uwar marayu ta yi maka lissafin safiyarta za ka san cewa kowane ɗaya daga cikin huɗun nan rami ne da yara ke faɗawa.

Doka ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole a Najeriya, tun 2004. To, amma kyautar ba ta haɗa da yadi da kuɗin ɗinki ba, ba ta haɗa da takalmi da safa da jaka ba, balle littattafan rubutu da ake cewa kowane darasi da nasa. Yau a ce a zo da tsintsiya, gobe kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, jibi kuɗin takardar jarrabawa. Sannan ga kuɗin tara, wanda shi kullum ne. Ɗauki mace mai 'ya'ya biyar wadda duk jarinta bai wuce kaskon ƙosai da galan ɗin mai ba. Ta tashi tun assalatu ta kai markaɗe, ta soya, rana ta fara zafi ƙosai ya rage rabin roba. Wa zai zaga da shi cikin unguwa? Ita ba za ta bar kasko ba. Sai ta dubi babbar 'yarta mai shekara tara, wadda ta riga ta sa hijabin makaranta, ta ce cire, yau ɗaya dai. Daga yau ɗaya ake kai wa zango guda. Uwar nan ba ta ƙi boko ba, ba ta kuma jahilci amfaninsa ba. Ta auna ne ta ga in yarinyar ta tafi aji, ƙannenta huɗu za su kwana da yunwa.

Shi ya sa kwanon abinci a makaranta ba ƙari ba ne, shi ne ginshiƙin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya fito gida bai karya ba, kafin ƙarfe sha ɗaya kansa na kan benci, malam na ta bayani shi yana jin ƙarar cikinsa. Ga uwa kuma, baki ɗaya da aka ɗauke mata a rana kuɗi ne da ta san adadinsu. Gwamnatin tarayya ta gane haka da ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016, a kan Naira 70 kowane yaro, kuma duk inda abincin ya isa azuzuwa sun cika. Sai dai shirin ya yi ta tangal-tangal, yau akwai gobe babu, yara kuwa ba sa jiran a sasanta kasafin kuɗi kafin su ji yunwa.

Zuwa 2017 ɗaliban makarantar Zannah sun kai 540, kuma fiye da rabinsu mata ne. A yankin da 'ya mace ce ake fara cirewa daga aji in abu ya matse, wannan adadi ba da kansa ya zo ba. Shekara guda kafin nan ya buɗe makaranta ta biyu, 'yan kilomitoci daga ta farko, wadda ta fara da yara 88 da yaƙi ya koro daga garuruwansu.

A riƙe uwa, a riƙe ɗa

Wani abin da ya bambanta aikin nan da yawancin na masu taimakon marayu shi ne bai tsaya a kan yaro shi kaɗai ba. Zannah ya haɗa iyayen marayun cikin ƙungiyar taimakon kai da kai, wadda ta tallafa wa mata kusan 600 da sana'a. Ya kuma ba iyalai 800 na 'yan gudun hijira filinsa su noma, aka sa musu injin ban ruwa. Yawancin mutanen da suka cika Maiduguri daga Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno manoma ne da masunta da makiyaya, waɗanda ba su taɓa miƙa hannu ba sai da yaƙi ya sa su bin layin awo. Ba mutum irin wannan fartanya da 'yar ƙasa, ka mayar masa da abin da buhun masara ba zai mayar ba.

Hikimar a fili take: maraya a ƙasarmu, a mafi yawan lokuta, yana da uwa. Uba ya rasa. In uwar ta tsaya da ƙafarta, yaron ya tsaya. In ta faɗi, ko ta yi auren dole na neman mafaka inda sabon miji ba ya son agola, to yaran sun watse, wannan wajen kaka, wancan tasha, waccan aikatau a birni.

A nan duniya ta yi wani kuskure mai tsada da ya kamata mu sani kafin mu maimaita shi. Shekaru da dama masu kuɗin ƙasashen Turai da Amurka suna zuba dukiya a gina gidajen marayu a ƙasashe matalauta. Da aka zo aka bincika, sai aka tarar kusan huɗu cikin kowane yara biyar da ke irin gidajen nan suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su, ba mutuwa ba. A Haiti, ƙasar da ta fi kowace talauci a nahiyar Amurka, gidajen marayu ɗaruruwa ne, kuma an kama wasu da mayar da abin kasuwanci: a je ƙauye a yaudari iyaye da alƙawarin karatu, a tara yara, a ɗauki hotonsu a aika wa masu ba da sadaka. Yaron da ya fi rama ya fi kawo kuɗi. A ƙarshen 2019 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙudurin da ke kira ga ƙasashe su karkata ga tallafa wa iyali maimakon tara yara a gidajen reno. Mu da muka gaji riƙo ba ma buƙatar a zo daga New York a koya mana wannan. Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ne, kuma a hannun kakansa ya tashi, sannan baffansa.

Sai dai kada mu yi wa riƙon namu kwalliyar da ba shi da ita. Mun san 'yar riƙon da ita ce wanke-wanke, ita ce ɗebo ruwa, ita ce ƙarshen cin abinci. Mun san baffan da ya karɓi gonar marayu da sunan zai juya musu, suka girma suka tarar an sayar an yi aure da kuɗin. Riƙo na buƙatar ido daga waje, kuma makarantar da malami ke ganin yaro kullum, ya lura ya rame ko ya daina magana, tana daga cikin idanun.

Amanar da ta kai shi daji

Ba don shiga tsakani Zannah ya karɓi 'ya'yan 'yan ƙungiyar ba. A 2009 babu wanda ya san za a yi Chibok. Amma da ranar ta zo, aka duba ko'ina ana neman mutumin da gwamnati za ta yarda da shi, mutanen daji ma su saurare shi, sai aka tarar irinsu ba su da yawa. Da taimakon gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa aka yi ta kai-komo, har aka sako 'yan mata 21 a watan Oktoban 2016. A watan Mayun 2017 aka sake karɓo 82 a kusa da Banki, kan iyakar Kamaru, bayan an yi musaya da wasu kwamandojin ƙungiyar da ke tsare. Zannah na cikin waɗanda suka je karɓo su. Mutum 103 ke nan suka koma hannun iyayensu ta hanyar da wani kwanon abincin maraya ya share shekaru bakwai kafin nan.

A shekarar ce hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta ba shi lambar yabo ta Nansen, wadda ake bayarwa tun 1954, tare da dala 150,000 don ci gaba da aikin. A 2021 kuma gidan talabijin na CNN ya sa shi cikin gwarazansa goma na shekara. Turawa sun yi ta rubutu a kansa. Mu nan gida, in ka tsayar da mutum goma a Kano ko Katsina ka ambaci sunansa, da wuya biyu su ce sun taɓa ji.

Cokali da teku

To, amma a yi maganar gaskiya. A lokacin da makarantar ke da yara 540, dubbai ne suka rubuta suna suna jiran gurbi. Gwamnan Borno na lokacin, Kashim Shettima, ya sha faɗar cewa ƙididdigar hukuma ta nuna yaƙin ya bar marayu sama da 52,000 da matan da aka kashe wa maza sama da 54,000 a jihar, kuma waɗanda aka iya ƙirgawa ke nan. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rai kusan 350,000, kuma kashi ɗaya cikin goma ne kawai makami ya kashe. Sauran yunwa ce da cuta, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ko mutum ɗari irin Zannah ba za su ɗauke wannan kaya ba.

Gwamnati ta taɓuka. An gina manyan makarantu na zamani a Maiduguri don marayu, waɗanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a 2019. Jihar Kano ma ta karɓi marayu 100 daga Borno a 2015 ta sa su a makarantar kwana a Mariri. Amma gini shi ne mai sauƙi, don ana ganinsa, ana kuma iya rubuta suna a jikinsa. Albashin malami na wata-wata, itacen girki, maganin zazzaɓi, alli, su ne ba mai son ɗaukar hoto da su.

Kuɗin waje kuma, wanda ya riƙe arewa maso gabas shekara goma, ya fara janyewa. Da gwamnatin Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025, ƙungiyoyi da yawa suka naɗe tabarma. A watan Yulin shekarar hukumar abinci ta duniya, WFP, ta yi shelar cewa rumbunta ya ƙare, kuma cibiyoyin kula da yara masu tamowa sama da 150 a Borno da Yobe na fuskantar rufewa, abin da zai shafi yara fiye da 300,000. Wannan kuwa ya zo ne garin bai gama farfaɗowa daga ambaliyar Satumban 2024 ba, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shanye unguwanni, makarantu suka sake zama wurin kwanan jama'a. Uwar marayun da ta yi shekara biyar tana tara keken ɗinki da 'yar katifa ta wayi gari da zanen jikinta.

Sadakarmu ta wata ɗaya

Wannan ya dawo da maganar gida. Ba za a ce Bahaushe ba ya tausayin maraya ba. Kusan kowace unguwa yanzu tana da kwamitin marayu, kuma mutanen da ke cikinsu, yawancinsu, bayin Allah ne da ke bin gida-gida da rasit ba tare da ana biyansu ba. Ni ma ina ba da nawa. Amma bari in faɗi abin da na gani a unguwarmu a wani azumi.

An kafa rumfa a ƙofar makarantar Islamiyya, an jera kujerun roba, an tara buhunan shinkafa da taliya da yadin shadda da atamfa a gaba kamar lefe. An ce yara su zo ƙarfe goma. Babban baƙo bai iso ba sai bayan azahar. Da aka fara kiran suna a lasifika, sai a ce marayan marigayi wane, yaro ya taso a gaban jama'a ya karɓa. Akwai wani ɗan kimanin shekara goma da aka ɗora wa ƙullin shadda a hannu, mai hoto ya ce ya ɗago kai. Bai ɗago ba. Aka sake cewa, wani dattijo ya kama haɓarsa ya ɗaga, aka ɗauka, aka yi kabbara. Ranar Sallah na gan shi cikin shaddar, ta yi masa kyau ƙwarai. Bayan mako uku na sake ganinsa da hantsi, ranar Talata, a bakin danja yana bin motoci da ledar ruwa. Na tambaye shi makaranta fa, ya ce an ce kada ya dawo sai da kuɗin jarrabawa. Kuɗin ba su kai na ɗinkin shaddar ba.

Kowane ɗan Islamiyya ya san hadisin nan na yatsu biyu, kuma shi ake karantawa a duk taron rabon kaya. Amma in ka saurari yadda malamai ke fassara shi, mai ɗaukar nauyin maraya aka yi wa albishir, ba mai yi masa kyauta ba. Ɗaukar nauyi kuwa abu ne na kullum, mai gajiyarwa, wanda babu lasifika a cikinsa. Shi ne ka san ajin da yaro yake, ka san takalminsa ya tsinke, ka je makaranta in an kore shi.

Kuma muna da hanyar yin sa da ta girmi duk ƙungiyoyin agajin duniya, wato waƙafi. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem, kakannin Barebarin yau, suka kafa makaranta da masauki a birnin Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu, suna aika mata da dukiya daga gabar tafkin Chadi. Sarakunan Borno kuma sun riƙa ba malamai takardar mahram, wadda ke ɗauke musu haraji don su zauna su karantar. Mutanen da suka iya riƙe makaranta a Masar sama da shekara ɗari bakwai da suka wuce, a kan raƙumi, jikokinsu da maƙwabtansu ba su da hujjar jiran jirgin Amurka. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, amma har yanzu attajirinmu in ya tashi neman lada, masallaci yake ginawa, ko da kuwa akwai wani a tsallaken titi da sahu biyu ba ya cika. Da shago goma zai gina a kasuwa ya ce hayarsu ta marayun unguwa ce har abada, da an daina korar yaro saboda kuɗin jarrabawa a wannan unguwa.

Ga 'yan kwamitocin marayu, da masu ba su kuɗi irina: kada mu jira watan Sha'aban kafin mu buɗe littafin sunayen nan. A ɗauko shi a wannan makon, a bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowace uwa aji nawa ɗanta yake, yaushe rabonsa da zuwa, nawa ake binsa. A je a biya kafin Litinin, kuma a bar mai hoto a gida.